Inuwar Giginya: Tarihin Hakeem Olajuwon a Filin Wasa da Bayan Barinsa

Gabatarwa

Na san wasu za su yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya tsallake tarihin sarakuna da malamai da mawaƙa, ya ɗauko na ɗan wasan ƙwallon kwando, wanda kuma ba Bahaushe ba. To, ku yi mini haƙuri in faɗi dalili, don ruwa ba ya tsami banza.

Ni mutumin Lambara ne ta ƙasar Shagari, maƙwabtan Boɗinga. Da na je gida hutun da ya wuce, sai na tarar da 'yar rigima. Ƙanena, wanda ke aji biyar na sakandare, ya ce shi fa ya gama boko, zai shiga birnin Sakkwato ya nemi kulob ɗin tamaula. Yaro ne dogo, kuma kowa ya shaida Allah ya ba shi ƙafa. Mahaifinmu ya yi faɗa har ya gaji. Ran nan da la'asar na ja shi muka tafi gaida wani kawunmu, wanda a zamaninsa ba a sami ƙaton da ya kai bayansa ƙasa a fagen kokawa ba, tun daga garinmu har Yabo da Tambuwal. An ba shi riguna, an ba shi raguna, makaɗa sun wasa shi. Yau abin da ya rage masa 'yar gona ce da jaki ɗaya, sai kuwa ciwon gwiwa. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗana, ƙarhi baƙo na. In ya tashi tahiya ba shi bankwana."

Na dawo makaranta maganar nan tana yi mini yawo a kai. Na ba wani abokina Bazazzagi labari, shi kuwa mai buga ƙwallon kwando ne, sai ya ce in je in bi tarihin Hakeem Olajuwon, don a Sakkwato ya fara wasa. Na ɗauka ba'a yake yi mini. Da na bi diddigi sai na ga ashe gaskiya ce. Abin da na samo shi ne na kawo muku.

Wasan Kansa a Taƙaice

Wani malamin motsa jiki, James Naismith, shi ya ƙago ƙwallon kwando a garin Springfield na Amurka cikin 1891. Mutum biyar ke karawa da biyar, kowane ɓangare yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwandon da aka rataye a tsayin ƙafa 10 daga ƙasa. Saboda haka dogon mutum yana da rinjaye, musamman wanda ake tsayarwa ƙarƙashin kwando don ya ci, ya kuma hana a ci. Babbar gasar wasan a duniya ita ce ta Amurka wadda ake kira NBA, inda kowane kulob ke yin wasa 82 a shekara kafin a shiga zagayen neman kofi.

Daga Ikko Zuwa Sakkwato

An haifi Hakeem a Ikko ran 21 ga watan Janairu, 1963. Iyayensa Yarbawa ne Musulmi, sana'arsu sayar da siminti. Watau tun yana ƙarami ya tashi yana ganin ciniki da lissafin riba da faɗuwa, kuma mu riƙe wannan, don za mu dawo kansa. Wasannin da ya fara yi su ne tamaula, inda yake tsaron gida, da ƙwallon hannu.

Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Ikko. A ƙarshen shekarun 1970, yana da kimanin shekara 15, aka shirya bikin wasannin makarantun horon malamai na ƙasa baki ɗaya a Sakkwato. Lokacin jihar Sakkwato sabuwa ce, don cikin 1976 aka ƙirƙiro ta, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku kuwa yana kan gadon mulki. Hakeem yana cikin 'yan ƙwallon hannu na makarantarsu. Sai wani ɗalibi daga 'yan ƙwallon kwando ya roƙi mai horar da su a ara musu dogon yaron nan. Aka yarda. Wannan aron shi ne mafarin komi.

Abin lura a nan shi ne, makaranta ce ta kai shi, kuma bikin wasannin makarantu ne ya fito da shi. Ba don wannan ba, da watakila sai ya tsufa bai san abin da Allah ya ajiye masa a jiki ba. Cikin ɗan lokaci ya shiga ƙungiyar matasa ta Nijeriya. Wani Ba'amurke mai horar da 'yan wasa a Afirka, Christopher Pond, ya gan shi, ya haɗa shi da Guy Lewis, mai horar da ƙungiyar Jami'ar Houston ta jihar Texas. Cikin 1980 ya sauka Amurka. Ba wanda ya zo taryarsa a filin jirgi. Da ya buga waya sai aka ce ya ɗauki tasi ya zo.

Shekarun Koyo

Sa'ad da ya isa Houston, tsawo da zafin nama kaɗai yake da su, bai ƙware da dokokin wasa ba. Shekarar farko bai buga ba, ta biyu kuwa kaɗan-kaɗan ake sa shi. Sai aka nuna masa wani zauren wasa na cikin gari da ake kira Fonde, inda Moses Malone, ɗaya daga cikin gwanayen NBA na lokacin, yakan yi atisaye in an yi hutu. Nan Hakeem ya riƙa zuwa yana gwabzawa da shi kullum, ana ture shi yana tashi. Da ma an ce gwani ma da koyo ya fara.

Da shi da abokinsa Clyde Drexler suka kai jami'ar wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka cikin 1983, aka cinye su da ci 54 da 52 a daidai lokacin da za a tashi. Duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar. Cikin 1984 suka sake kaiwa ƙarshe, Jami'ar Georgetown ta su Patrick Ewing ta doke su.

A wannan shekara ta 1984 ya bar jami'a saura shekara ɗaya ya gama, ya shiga jerin waɗanda kulob-kulob na NBA za su zaɓa. Al'adarsu ita ce kowace shekara a jera sababbin 'yan wasa, kulob-kulob su yi ta ɗauka bi da bi. Kulob ɗin Houston Rockets ne ya sami zaɓen farko, ya ɗauki Hakeem. Michael Jordan, wanda ko a ƙauyukanmu an san sunansa, shi ne na uku a wannan rana.

Zafin Kai da Komawa ga Allah

A takarda tsawonsa ƙafa 7 ne. Aka haɗa shi da wani wanda ya fi shi tsawo, Ralph Sampson, suka kai wasan ƙarshe cikin 1986, kulob ɗin Boston ya doke su. Amma Hakeem na wannan zamani saurayi ne mai saurin fushi. Yakan yi cacar baki da alƙalan wasa, yakan kai wa abokan karawa naushi. A wasan da ya kai su ga zagayen ƙarshe na 1986 ma korarsa aka yi daga fili saboda faɗa da wani ɗan kulob ɗin Los Angeles Lakers. Daga nan shekaru suka yi ta wucewa, suna ya yi, kuɗi sun zo, kofi shiru.

Cikin watan Janairu na 1991 wani ɗan wasa ya buge shi da gwiwar hannu, ƙashin da ke kewaye da idonsa ya fashe, ya yi kamar wata biyu ba ya wasa. A daidai waɗannan shekaru ya koma ga addininsa da gaske, ya tsare salla, ya dage da karatun Alƙur'ani. Cikin watan Maris na 1991 ya sanar da gyara sunansa. Da can Akeem ake rubutawa, yadda Yarbawa ke furta shi ba tare da harafin "h" ba. Ya mayar da shi Hakeem, daidai da asalinsa na Larabci, watau mai hikima. Wannan shi ne sunan da ke cikin Abdulhakimu namu, kada a rikita shi da hakimi mai riƙe da ƙasa, ko da yake saiwarsu ɗaya a Larabci.

Waɗanda suka yi zamani da shi sun shaida cewa daga nan halinsa ya sauya. Faɗa ya ragu, ya koyi miƙa wa abokansa ƙwallo in an taru a kansa, maimakon ya ce sai shi kaɗai.

Kofi Biyu

Cikin 1994 ya haɗa lambobi uku da ba wanda ya taɓa haɗa su a shekara ɗaya kafinsa: gwarzon gasa, gwarzon masu tsaro, da gwarzon wasannin ƙarshe. Houston ta doke New York da wasa 4 da 3. A wasa na shida, ana dab da tashi, John Starks ya tashi zai jefa ƙwallon da zai ba New York kofi, Hakeem ya miƙa hannu ya taɓa shi da yatsu ya karkace. Ya kuma rama abin da Ewing ya yi masa shekara goma baya, don Ewing ne dogon New York.

Cikin 1995 azumin Ramadan ya faɗo a watan Fabrairu, ana tsakiyar gasa. Hakeem bai ajiye azumi ba ko da wasa ya kama da rana, kuma shi aka zaɓa gwarzon wannan wata. A ƙarshen shekarar wasa Houston ta sake ɗaukar kofi, ta share kulob ɗin Orlando na Shaquille O'Neal da wasa 4 ba ko ɗaya. Wasu sukan ce ai don Jordan ya ɗan ajiye wasa ne daga 1993 ya sami sarari. Akwai ƙanshin gaskiya game da 1994, amma Jordan ya dawo cikin watan Maris na 1995, kuma Orlandon da Hakeem ya share ita ce ta fitar da shi a wannan shekara.

Babban makaminsa shi ne ƙafa. Yakan juya wa mai tsaronsa baya, ya yi kamar zai bi dama, ya karkata hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, in mutum ya yi tsalle sai ya sulale ta ƙarƙashinsa. Shi da kansa ya ce daga tamaula ya samo wannan taku. Duk wanda ya taɓa kallon gwanin kokawa yana yaudarar abokin karawarsa da kafaɗa kafin ya kai hannu ƙafa, zai gane abin.

Ya yi shekara 17 a Houston, ya ƙara ɗaya a Toronto ta Kanada, ciwon baya ya sa ya ajiye wasa cikin 2002 yana da shekara 39. Ya tara maki 26,946, ya kuma kaɗe ƙwallo a sama sau 3,830, adadin da ya fi na kowa tun da aka fara ƙirgawa. Abu ɗaya da ya sosa wa 'yan Nijeriya rai shi ne, ya karɓi takardar zama ɗan Amurka cikin 1993, ya kuma ci musu lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta cikin 1996. A nan ne karin maganar nan tamu ta faɗo mini: inuwar giginya, na nesa ka sha. An dasa a Sakkwato, Houston ta sha sanyi.

Bayan Barin Fili

Nan ne ainihin abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi. Mutum mai shekara 39 bai tsufa ba, in Allah ya ba shi rai rabin tafiya ya yi. Me zai yi da sauran?

Hakeem bai jira ranar ba. Tun yana wasa ya fara sayen filaye da gine-gine a Houston, kuma ya ɗora wa kansa sharaɗi ɗaya: ba ya cin bashin banki, domin Musulunci ya haramta riba irin ta kuɗin ruwa. Abin da zai saya, kuɗi hannu yake biya. A Amurka kusan kowane mai wannan sana'a da bashi yake yin ta, don da kuɗin gida ɗaya sai ya kama biyar. Hakeem ya haƙura da wannan, ya sayi kaɗan. Yakan nemi filin ajiye motoci ko tsohon gini a unguwar da ya hango za a gina filin wasa ko a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa na cikin gari, ya saya, ya zauna ya jira.

Hikimar abin ba baƙuwa ba ce gare mu. Mu ɗauki mutum biyu da suka turke raguna don layya. Na farko da kuɗinsa ya saya, na biyu da bashi. In kasuwa ta faɗi, na farko sai ya mai da ragonsa gida ya ci gaba da ba shi dusa da harawa har ta gyaru. Na biyu kuwa ranar da mai bashi ya yi sallama, ranar zai sayar, ko nawa aka taya. Haka nan mai gini in ya ga wanda zai biya shi nan take, yakan sassauta farashi. Cikin 2006 jaridar New York Times ta kawo ƙiyasin cewa ribar da ya samu a wannan sana'a ta wuce dala miliyan 100, watau ta yi kusa da dukan albashin da ya karɓa a shekara 18 na wasa. Ɗan mai sayar da siminti bai manta da abin da ya gani a gida ba.

Ba neman kuɗi kaɗai ya sa gaba ba. Cikin 1994 ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar Houston wanda aka gina tun 1928, aka gyara shi, aka buɗe shi masallaci da cibiyar da'awa cikin 2002. Cikin 1995 ya sa sunansa a kan wani takalmin wasa na dala 35, a lokacin da takalman da sauran gwanaye ke talla suke kaiwa dala 120, ya ce uwa talaka mai 'ya'ya ba za ta iya sayen waɗancan ba. Bayan ya ajiye wasa ya kwashe iyalinsa zuwa ƙasar Jodan don neman ilimin addini da Larabci, ya koma ɗalibi yana da shekara 40. Da kulob ɗinsa ya tashi karrama shi cikin 2008, rigarsa mai lamba 34 aka ƙera da tagulla aka kafa a ƙofar filin wasa, ba a yi gunkin surarsa ba, don kiyaye addininsa. Ya kuma zama malami: Kobe Bryant ya je wurinsa koyon taku cikin 2009, LeBron James ya je cikin 2011.

Wasu Mutum Uku

Don kada a ce mutum ɗaya ba ya zama hujja, ga wasu uku a taƙaice.

Na farko Antoine Walker, Ba'amurke, wanda ya karɓi albashin da ya wuce dala miliyan 100, ya ci kofi da kulob ɗin Miami cikin 2006. Shi ma ya zuba kuɗi a gidaje a Chicago, amma da bashin banki, ga caca, ga ɗawainiyar 'yan rakiya. Da kasuwar gidaje ta Amurka ta rushe wajen 2008, bankuna suka taso. Cikin 2010, shekara biyu da barin NBA, ya je kotu ya bayyana cewa ya karye.

Na biyu Swen Nater, wanda aka haifa a Den Helder ta ƙasar Holan cikin 1950, ya je Amurka yana ɗan shekara 9. Cikin 1980 shi ya fi kowa a NBA cafke ƙwallon da ya dawo daga kwando. A zamaninsa albashi bai kai na yanzu ba. Da ya ajiye wasa ya horar da ɗalibai a wata ƙaramar kwaleji, daga baya ya kama aiki a kamfanin kantunan Costco, yana cikin masu sayo kayan wasanni. Bai ce shi ya fi ƙarfin aikin albashi ba.

Na uku namu ne na Zariya, Masai Ujiri, wanda ya tashi a can, ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, ya kuma sami horo a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan na Jami'ar Ahmadu Bello. Bai taɓa buga NBA ba. Ƙananan kulob-kulob na Turai ya yi ta zagayawa har ya bari cikin 2002, shekarar da Hakeem ya bari. Ya fara aikin nemo wa kulob ɗin Orlando 'yan wasa ba albashi. Cikin 2010 ya zama manajan kulob ɗin Denver, cikin 2013 ya koma Toronto, a ƙarƙashinsa suka ci kofin 2019, ya riƙe su har 2025. Wasansa bai kai ko'ina ba, aikinsa na bayan wasa ne ya yi masa suna.

Kammalawa

Jama'a, ban ce kowane dogon yaro na Lambara zai zama Hakeem ba, ban kuma manta cewa wanda ya tara miliyoyi shi ke iya sayen gini kuɗi hannu ba. Kawunmu raguna aka ba shi, ba daloli ba. Amma da ya turke biyu cikin goma, maimakon su tafi ga makaɗa da maroƙa a daren da aka ba shi, da yau ba jaki ɗaya ke gare shi ba. Shi da kansa ya faɗi haka, ba ni na faɗa ba.

Na rubuta wa ƙanena wannan tarihi kafin in kawo shi nan. Amsar da ya aiko mini ita ce, ai Hakeem ma bai gama jami'a ba. Gaskiyarsa. Na ce masa amma makaranta ce ta kai Hakeem Sakkwato, jami'a ce ta kai shi NBA, bai kuwa bar ta ba sai da ya ga an buɗe masa ƙofa, kuma da ya gama wasa littafi ya koma ya ɗauka. Mun yi sulhu a kan zai gama aji shida, in an yi hutu ni da kaina zan raka shi gwaji birni.

Kirana na ƙarshe ga hukumomin ilimi ne na jihohinmu. Duk makarantun da na yi kafin jami'a, ban taɓa ganin kwando a rataye ba, alhali ƙarfe biyu da ɗan daɓen siminti kawai yake bukata. A raya bukukuwan wasannin makarantu irin wanda ya fito da Hakeem, a kuma riƙa koya wa yaro sana'a da lissafin kuɗi tare da wasan, don ranar da baƙon nan na kawunmu zai kama hanya.

Allah ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau, amin. Wassalam.